Ba a Kada Kawu a Tseren Kudu Ba

Ranar Talata da hantsi Allah Ya karɓi ran Kawu, ƙanin mahaifiyata, a ɗakinsa na Sabon Garin Zariya, bayan jinyar da ba ta cika wata biyu ba. Na Allah ne mu duka, can kuma za mu tarar da shi. Ina wurin aiki a Kaduna aka bugo mini waya. Kafin in iso har an sa shi a makara, da ƙyar na sami sahun ƙarshe na sallah.

Kwana uku muna zaune a rumfar da aka kafa a bakin layi, ana zuwa ana tafiya. Mutanen unguwar PZ sun zo sosai, don a can ya yi shekara da shekaru yana saƙar kujeru da igiyar roba a barandar wani shago. Mai shagon, wani dattijon Ibo haifaffen Sabon Gari, ya zo ya zauna a kan tabarma kamar kowa, yana ta share ido da hularsa. Ya ce, "Mutumin nan, wallahi ko sau ɗaya ban ga ya miƙa ma wani hannu ba." Liman ya ce bawan Allah ne mai haƙuri. Maƙwabta ma haka suka ce. Duk wanda ya shafa fatiha, kafin ya sa takalmi sai ya girgiza kai ya ce Allah sarki, makaho mai haƙuri.

Ni kuwa ina zaune raina yana ɓaci, don ban san Kawu da haƙuri ba. Mutum ne mai zafin zuciya da baƙar magana, wanda idan aka wuce shi a tsere ranar ba ya cin abinci. Amma ba wanda ya ambaci gudu. Sai a rana ta biyu wani mai sayar da taya ya leƙa falo yi wa mata gaisuwa, ya ga hoton Kawu a bango da singileti da baƙin ƙyalle ɗaure a ido. Ya fito yana cewa, "Au, wai Malam ya taɓa gudu?"

Wani ya ce, "Irin wasan nan ne da ake haɗa ma naƙasassu, su ɗan ji daɗi."

Umma, mahaifiyata, ta amsa daga bayan labule, "Ai ya sha wahalan shi. Har Kudu suka je da yaron nan, aka kada shi, ya dawo ya haƙura."

Yaron nan ni ne, yanzu ina da shekara arba'in da 'yan kai, da tumbi da furfura a gemu. Kuma ba a kada Kawu ba. Shi ya zo na ɗaya a tseren da Umma take faɗi, ni na jawo aka ƙwace masa. A zatona, a duk Zariya mutum uku muka san haka: ni, da shi, da kocinmu, wanda ya riga shi rasuwa da daɗewa. Ina zaune a rumfar nan na ƙudurta ba zan koma Kaduna ba sai na faɗa wa matarsa gaskiya da bakina. Wannan rubutun kuma na yi shi ne don kada Kawu ya tafi a matsayin makaho mai haƙuri kawai.

Bai zo duniya makaho ba. Ya haura ashirin lokacin da ciwon ido ya kama shi, a hankali a hankali har duhun ya rufe. Kafin nan ɗan ƙwallo ne, kuma an ce ba mai kamo shi idan ya ɗauki gefe. Shekara uku ya yi a ɗaki ba ya fita sai masallaci. Wanda ya fito da shi tsohon kocinsu ne, wani mutumin Kudu da iyayensa suka zo aikin jirgin ƙasa aka haife shi a nan. Shi ya sa shi gudun mita ɗari huɗu, wato zagaye ɗaya cur na fili: a sha kwana, a miƙe, a sake shan kwana, a miƙe zuwa layin ƙarshe. Duk abin bai kai minti ɗaya ba. Makaho ba ya yin sa shi kaɗai, sai da ɗan jagora mai ido da zai gudu a gefensa, hannunsu haɗe da gajeriyar igiya. Kuma dole ɗan jagoran ya kai shi gudu ko ya fi shi, abin da ke da wuyar samu idan makahon irin Kawu ne, wanda ya riga ya cinye kowa a jiha ya fara cin na maƙwabta.

Ina da shekara goma sha tara ya zo gidanmu na Samaru yawon Sallah. Lokacin ɗan jagoransa ya shiga aikin soja ya bar shi. Ni kuma na gama sakandare ina jiran gurbin karatu, ina ji da kaina ƙwarai, don ni ne zakaran makarantarmu a wannan gudun. Ina shigowa ya ce, "Ɗan Yaya, zo nan." Ya dafa kaina, ya dafa kafaɗata, ya durƙusa ya auna ƙafata da tafin hannu tun daga ƙugu har idon sawu, kamar mai sayen rago. Ya miƙe ya ce wa Umma, "Yaya, ki ba ni aron yaron nan."

Umma ta ce, "Kai da girman ka, da matan ka, kana yawo da gajeren wando a gaban 'yan jami'a. Ba ka jin kunya?"

Ya ce, "Ni dai ban gan su ba."

Satin farko muka yi faɗa. Na ɗauka aikin ɗan jagora ja ne, irin yadda ake jan makaho a tsallaka titi. Muna shiga kwana sai in fizge shi ciki, idan ya rage sauri in ja shi gaba. Rana ta uku, muna tsakiyar gudu a filin jami'a, sai kawai ya tsaya cak ya zauna a ƙasa, saura kaɗan kafaɗata ta goce. Ɗalibai masu motsa jiki suka tsaya kallo.

Ya ce da ƙarfi, "Ni akuya ne?"

Na ce, "Kawu, za ka fita layi ne."

"To bakin ka fa? An ɗinke? Ka faɗa min, kar ka ja ni. Ƙafa na ba abin da ya same shi, ido ne babu."

Na yi fushi na cire igiyar na jefar, na ce ya nemi wani. Ya ce in tafi, dama yaran yanzu ba su da ƙashi. Na kai bakin ƙofar fili na waiwayo, sai na gan shi yana laluben ƙasa yana neman igiyar, can nesa da inda ta faɗi. Ban san lokacin da na dawo na ɗauka na sa masa a hannu ba. Bai ce ya gode ba. Cewa ya yi, "Daga farko."

Haka na koyi aikin. Ina damansa, hannuna na hagu ɗaure da nasa na dama. Igiyar shi ya kitsa ta da kansa da igiyoyin takalmi, ba ta fi taƙi biyu ba, kuma ƙa'idarsa ita ce kada ta taɓa miƙewa. Idan ta yi tauri, wani ya yi laifi, kuma kullum ni ne wanin. Ƙafarsa ta dama da tawa ta hagu su tashi tare su sauka tare. Sai na manta da irin takuna na ɗauki nasa. Bakina kuma ba ya hutawa: "Kwana!" idan za mu lanƙwasa, "Miƙe!" idan hanya ta miƙe, "Saura hamsin!" idan an kusa. Wata huɗu muka yi kafin wata safiya mu zagaya fili, muna tsayawa Koci ya ce da ya rufe ido, sawun mutum ɗaya ya ji. Ranar Kawu ya saya mini shayi da ƙwai uku a bakin kasuwar Samaru.

Kullum bayan sallar asuba yake hawa bas daga Sabon Gari shi kaɗai, da sandarsa da jakar takalmi a kafaɗa. Duk kwandastocin hanyar sun san shi. Ba ya son a gaya masa inda aka zo. Da ƙarar tayoyi da warin hanya yake ganewa, sai ka ji ya ce, "Mun wuce Kwangila," kuma haka ne. Ni nawa in jira shi a bakin titi a Samaru. Da ya sauko sai ya tsaya ya saurari numfashina. "Ɗan Yaya, jiya ka yi hira har ka makara barci." Ko kuma, "Wake ka ci." Ban taɓa yin nasarar ɓoye masa komai ba a waɗannan shekarun.

Wata safiya na ɗan makara, na tarar wani mai babbar riga ya tsayar da mota yana ƙoƙarin cusa masa sadaka a hannu. Kawu ya maƙale hannuwansa a baya ya ce, "Alhaji, Allah Ya saka. Amma ka riƙe ka sayi takalmin motsa jiki. Daga motan ka zuwa nan taku goma ne, kuma ina jin hakin ka." Mutumin ya tafi yana surutai. Na ce, "Kawu, ai alheri ya yi niyya." Ya ce ya sani, shi ma alherin ya yi masa.

Maganarsa da na fi tunawa a kan gudun ita ce, ɗari ukun farko ƙafa ke yi, ɗarin ƙarshe taurin kai ne kawai. Duk wanda ya taɓa wannan gudu ya san abin da yake nufi. Kana fitowa daga kwana ta biyu sai cinyoyinka su yi nauyi, ƙirjinka ya ɗauki wuta, layin ƙarshe kana ganinsa amma ya ƙi matsowa. Kawu cewa yake a nan ya fi masu ido sa'a, don shi ba ya ganin nisan, sai abin da na gaya masa. Wani lokaci yakan ce in riƙa yi masa ƙarya, in ce saura ashirin alhali saura arba'in. Da na yi sau ɗaya, ya gane, ya zage ni tas.

Akwai doka ɗaya da Koci ya fi nanata mini fiye da kowace. A layin ƙarshe, dole makahon ya riga ɗan jagoransa tsallakawa. Idan ɗan jagora ya riga shi, ko da faɗin yatsa ne, an soke gudun gaba ɗaya. Don haka idan saura taku uku, aikina shi ne in ce "Jefa!" shi ya jefa ƙirjinsa gaba, ni kuma in ja nawa baya, in rage rabin taku. Mun yi wannan sau ba adadi, kuma ban taɓa kuskurewa ba. Sai dai kafin in zama ɗan jagora ni ma ɗan tsere ne. Shekara biyar malamin wasanninmu na makaranta yana koya mini in jefa ƙirji a kan layi, yana tsaye da bulala. Na ɗauka abin ya fita daga jikina.

Shekararmu ta uku tare aka kira gasar tace gwanaye a wani gari a Kudu. Wanda ya zo na ɗaya a ajin makafi shi za a ɗauka zuwa babbar gasa a ƙasar waje. Kawu ya haura talatin da biyar lokacin, gwiwarsa ta hagu ta fara yi masa magana. Bai ɓoye mini ba. A mota ya ce, "Ɗan Yaya, wannan ne na ƙarshe. In ya wuce, sai saƙan kujera." Har fasfo Koci ya sa muka yi.

Mun wuce zagayen share fage ba wahala. Ranar ƙarshe rana ta take, filin jan roba ne mai laushi, irin wanda ba mu saba da shi ba. Kawu ya durƙusa ya shafa shi ya ce ko barci aka ce ya yi a kai zai yi. Aka duba ƙyallen idonsa, aka duba igiya, muka durƙusa. Bindiga ta tashi.

Ban taɓa jin ya yi gudu irin na ranar ba. Igiyar nan ko motsi ba ta yi a tsakaninmu. Muka fito daga kwana ta biyu muna gaba da kowa. Sai a hamsin ɗin ƙarshe na hango wasu biyu ta gefen idona na dama, wani dogon yaro da ɗan jagoransa, suna cin ratar taku bayan taku. Na ce, "Kawu, suna zuwa!" Na ji ya ƙara, ban san daga ina ya samo ba. Saura goma suna kafaɗata. Saura uku na yi ihu, "Jefa!" Ya jefa. Ni ma na jefa.

Ban ma san na yi ba. Na rungume shi ina cewa mun ci, mun ci. Ya yi sujada a kan jan robar nan, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya miƙe yana dariya, hawaye na fitowa ta ƙarƙashin ƙyallen, ya ce, "Yaya za ta ga gajeren wando a jirgin sama." Muna nan sai na lura ba a sanar da sakamako ba. Alƙalai sun haɗa kai a wurin mai ɗaukar hoton layi, Koci yana tsaye a cikinsu, hannunsa biyu a ka. A nan jikina ya gaya mini abin da na yi, tun kafin kowa ya buɗe baki.

Koci ya zo yana jan ƙafa. Ya ce, "An soke."

Kawu ya ce, "Na taka layin wani ne?"

"A'a."

"An ce ya ja ni?"

"A'a. Ƙirji ne. A kan layi."

Har lokacin igiyar tana hannunmu. Kawu bai tambayi ƙirjin wa ba. Can ya ce, "Amma na riga dogon yaron?"

Koci ya ce, "Ka riga shi."

Ya ce, "To." Ya zare ƙyallen ya goge fuska da shi, ya ce in kai shi inda ruwa yake.

Wuni guda muka yi a mota muna dawowa. Ban iya cin komai ba. A wani gari da aka tsaya Kawu ya sayi lemo, ya ɓare da farcensa, ya riƙa miƙo mini ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya juyo ba, har na cinye. Ina jira ya zage ni. Mutumin da yake zagina a kan wake, ina roƙon Allah ya buɗe baki ya wanke ni tas, ko na sami sauƙi. Bai yi ba. Da muka iso Sabon Gari, Umma da matarsa suna jira a tsakar gida. Kafin in yi magana ya riga ni: "An fi ni gudu. Wani yaro ne dogo kamar falwaya." Ya matse hannuna da ƙarfi, na gane cewa in yi shiru.

Ranar Litinin ban je bakin titi ba. Na ce wa Umma zazzaɓi nake yi. Sati ya wuce na ce ina shirin jarrabawa. Da gurbin karatu ya fito, na zaɓi na wani gari, alhali ga jami'a a ƙofar gidanmu. Sau biyu ya aiko Umma ta ce mini, "Kawun ka ya ce fili na nan." Na ɗauka kara ce kawai yake yi mini. Na gaya wa kaina ai shi da bakinsa ya ce wancan ne na ƙarshe, kuma mutumin da na yi wa wannan ɓarna, mafi ƙarancin abin da zan yi masa shi ne in raba shi da jin numfashina. Ban sake sa takalmin gudu ba tun daga nan, ko bas ba na bi da gudu.

Ba wai mun rabu ba ne. Duk Sallah ina zuwa. Shi ya karɓa mini aure, shi ya yi wa ɗana na fari huɗuba. Idan na same shi a PZ yana saƙa, yakan miƙo hannu ya daki cikina ya ce, "Ɗan Yaya, wannan kuma wata nawa ne?" Mu yi dariya, mu yi hirar tsadar shinkafa da siyasa da ƙwallon Turai, wadda yake bi a rediyo ya fi masu kallo sani. Shekara ashirin da wani abu muna wannan hirar. Ko sau ɗaya ba wanda ya ambaci fili a cikinmu, kuma duk lokacin da na tashi tafiya sai in ji kamar ban zo ba.

Sati biyu kafin rasuwarsa na zo duba shi. Ya rame ƙwarai, amma ƙwaurinsa na nan da tsokarsa. Na zauna a bakin gado da niyyar in ce ya yafe mini. Na buɗe baki ke nan sai ya ce, "An ce sun gyara filin Samaru, sun sa jan roba. Ka gani?" Na ce ban je ba. Ya ce, "Hm." Daga nan masu dubiya suka shigo, na ba su wuri, na ce zan dawo wani satin.

Ranar da aka yi sadakar uku, bayan la'asar mutane sun ragu, na shiga cikin gida. Matar Kawu tana zaune a kan tabarma a ɗakinta, ta fara takaba, carbi a hannunta. Na tsuguna a bakin ƙofa.

Na ce, "Anti, akwai maganan da na daɗe ina riƙe da shi."

Ta ce, "Ina jin ka."

Na faɗa mata duka, dokar layi da dogon yaro da ƙirjina. Na ce ba a kada Kawu ba, shi ya ci, da yanzu yana cikin waɗanda suka fita waje da sunan ƙasar nan, ni na hana shi. Ina magana ina kuka kamar ƙaramin yaro. Na ce tunda ban samu na roƙe shi ba, ita ta yafe mini a madadinsa.

Ta ce, "Wannan ne maganan? Ai a ranan da kuka dawo ya faɗa min. Ya ce jini ne, duk ɗan tsere na gaske haka zai yi. Har ya ce da ba ka jefa ba, da ya raina ka."

Na ji wani sanyi ya fara sauko mini a ƙirji, har na fara cewa alhamdu lillahi. Sai ta ajiye carbin.

Ta ce, "Ba wannan ne ya dame shi ba. Ka san bai daina zuwa fili ba?"

Na ce, "Ai ya ce wancan ne na ƙarshe."

"Faɗa kawai ya yi. Koci ya ce mai akwai wani gasan bayan shekara ɗaya, in ya riƙe jikin shi. An gwada mai ɗalibai biyu. Ɗaya yana jan shi, ɗayan kuma tsoro yake ji, sun faɗi tare har ya fasa haɓa. Sai ya ce a bari, kai za ka dawo, kunya ne kawai, zai wuce. Ni nake raka shi. Da goyo na nake hawa bas ɗin nan kullum."

Na ce, "Ke, Anti? Ya za a yi ki yi gudu da shi?"

"Wane gudu? Tsayawa nake yi a ƙarshen miƙen, in riƙa buga murfin tukunya da cokali, shi kuma ya taho wajen ƙaran. 'Yan jami'a suna ta mana dariya. Miƙe yana iya yi shi kaɗai. Kwana ne ba ya shawuwa sai da mutum. Sai ya zo bakin kwana ya tsaya, ya juyo da ƙafa."

Na tambaye ta tsawon wane lokaci suka yi suna haka. Ta ce goyon da ta fara zuwa da shi, sai da ya fara tafiya da ƙafarsa a filin.

"Duk wanda ya shigo ta ƙofan filin da sauri, sai ya ɗaga min hannu in daina bugawa. Ya karkata kai ya saurara. Sai ya ce, ba shi ba ne, ci gaba."

Ba ta faɗa da zafi ba. Ta ɗauki carbinta ta ce ita ba ta riƙe ni da komai ba, shi ma bai taɓa cewa ya riƙe ni ba, in tashi in ci abinci kafin in kama hanya.

Ya Allah, ga Kawu nan ya zo maKa. Ka yafe masa zafin zuciyarsa da baƙar maganarsa, Ka buɗe masa idon da Ka karɓa, Ka yalwata masa makwanci. Ka sa 'ya'yansa su san ubansu gwani ne, ba abin tausayi ba.

Ni kuwa shekara ashirin da wani abu ina shirya yadda zan nemi gafarar rabin taku. A lokacin da suke buga murfin tukunyar nan, duk hutu ina gidanmu na Samaru ina barcin safe. Daga ɗakina zuwa ƙofar filin tafiyar minti goma ce.